Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Barkwanci, Zambo da Hancin Makirfo

Tambaya: Wani mai karatu daga Damagaram ya ce ya ga hotunan da Hanoch Piven, ɗan ƙasar Isra'ila, yake yi wa fitattun mawaƙa da 'yan fim, yana so ya san ko daidai ne a kira su "zanen barkwanci".

Amsa: An haifi Piven a Montebidiyo ta ƙasar Yurugwai a 1963, ya tashi a Isra'ila, ya yi karatun zane a birnin New York, kuma mujallu irin su Time da Rolling Stone sun buga ayyukansa. Abin da ya fito da shi shi ne yadda yake tattara tarkacen da kowa yake gani a gida ya manna su a kan takarda har fuskar mutum ta bayyana. Ya yi wa mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand hanci da makirfo, ya yi wa ɗan fim na Amurka Woody Allen hanci da ayaba, ya jera tsinkayen ashana suka zama gashin bakin Saddam Husaini.

To, "zanen barkwanci" ita ce kalmar da 'yan jarida suka saba da ita, kuma ba zan ce a jefar da ita ba, amma ta yi wa wannan aiki faɗi kamar rigar aro. Barkwanci magana ce ta raha wadda ba dole ne ta nufi wani takamaiman mutum ba. Shi kuwa wannan salo, wanda sunansa a harsunan Turai ya samo asali daga kalmar Italiyanci caricare, wato a ɗora kaya ko a labta, ba ya yiwuwa sai da wani takamaiman mutum da wata siffa tasa da za a kambama. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dabara a bakin makaɗan fada, kuma sunanta zambo: a ɗauki tsawon wuyan abokin hamayyar sarki, ko girman cikinsa, ko yadda yake tafiya, a zuguiguita shi har jama'a su gane wanda ake nufi su fashe da dariya.

A nan ne nake yawan samun saɓani da matasan marubuta, waɗanda suke cakuɗa zambo da habaici da zolaya kamar duk abu ɗaya ne. Habaici yana sakaya zance, a bar mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as. Zambo yana bayyana siffa ƙarara domin ya muzanta. Zolaya kuwa tsokana ce da ba ta da dafi, irin wadda take tsakanin taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari. Na taɓa karanta wani rubutu da aka ce mawaƙi ya yi wa mutum "habaici" alhali ya siffanta shi tun daga hula har takalmi, sai na ajiye takardar. Wanda bai bambance waɗannan uku ba, da wuya ya fassara aikin Piven daidai, domin hotunansa ba hukunci ɗaya suke ɗauka ba. Ashanar da ke bakin Saddam zambo ce, tunda tana cewa ga mai kunna wuta. Makirfon da ke fuskar Streisand kuwa ya haɗa zolaya a kan hancin da aka san ta da shi da yabo a kan muryar da ta ɗaukaka ta, don haka ya fi kusa da kirari. Shawarata ita ce a ce "hoton zambo" idan an nufi suka, a ce "hoton zolaya" idan raha ce tsantsa.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Zariya ta ce, tunda manna abubuwa yake yi, shin "zane" ta dace?

Amsa: Ba ta cika dacewa ba, domin zane jan layi ne, ko da alƙalami a takarda, ko da yatsa a ƙasa, ko da aska a fuska. "Hoto" ta fi, kuma wanda yake son bayani yana iya cewa hoton manne-manne. A kula kuma da jan wasalin farko wajen furta kalmar "zane", kada a mayar da aikin mutum zanen ɗaurawa.

Tambaya: Mene ne ma'anar "kama da wane ba ta wane", kuma tana da alaƙa da irin waɗannan hotuna?

Amsa: Ma'anarta ita ce kamanni ba ya mayar da abu ainihin wanda ya yi kama da shi, kuma ana faɗinta ga wanda yake kwaikwayon wani babba ba tare da ya kai shi ba. Ba ta hau nan sosai ba, domin Piven bai ce ayaba hanci ce ba. Yakan ma rage fuska matuƙa, ya bar abu biyu ko uku kawai, mai kallo ya ƙarasa sauran da kansa.

Tambaya: Ko za a iya ɗora "labarin zuciya a tambayi fuska" a matsayin take a kan irin wannan hoto?

Amsa: Ana iyawa, muddin an tuna cewa karin maganar tana nufin fushi ko farin cikin da yake bayyana a fuska a wani lokaci, ba tsarin halittar mutum ba.