Shin zargin alaƙa da 'yan ta'adda ya isa hujjar kai wa ƙasa yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mun yi gardama da abokaina kan yaƙin Iraƙi na 2003. Wasu na cewa da zarar an zargi gwamnati da hulɗa da 'yan ta'adda, ya halatta a afka mata kafin ta yi ɓarna. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Zargi kaɗai ba ya halatta jinin mutum ɗaya, balle na ƙasa guda. Manzon Allah (SAW) ya ɗora wa mai ƙara kawo hujja, kuma girman abin da za a zartar shi ke ƙara nauyin hujjar da ake bukata.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne kan Banu Musɗaliƙ. An aiki Walidu bin Uƙba ya karɓo zakkarsu, ya dawo ya ce sun hana, har sun nemi kashe shi. Saura ƙiris a tura musu runduna, sai ta bayyana mutanen suna kan Musuluncinsu. A yaƙin Khandaƙ ma, da labari ya zo cewa Banu Ƙuraiza, wata ƙabilar Yahudawan Madina, sun warware alkawari, sai da Annabi (SAW) ya aiki Sa'adu bin Mu'azu da Sa'adu bin Ubada su tabbatar, alhali Madina na kewaye da maƙiya.

Sannan alaƙar ma hawa-hawa ce. Ɗan ta'adda ya ratsa ƙasa ko ya ɓuya a dajinta daban, wani jami'i ya gana da shi daban, gwamnati ta ba shi makami da mayaƙa kuma daban. Matakin ƙarshen nan ne kawai ake iya gina maganar yaƙi a kansa. Misalinsa buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira: Banu Bakar suka far wa Khuza'a, ƙawayen Musulmi, Ƙuraishawa suka taimaka musu da makamai da mazaje, Amru bin Salim ya zo Madina da kansa ya kai kuka. An riga an yi kisa, an san masu yi, an san masu taimakawa.

Idan kuma akwai yarjejeniya tsakani, tsoron ha'inci ba ya halatta farmakin bazata. Aya ta 58 a Suratul Anfal ta ce a sanar da su an janye alkawari, kowa ya san matsayinsa. Da Mu'awiya ya nufi iyakar Rumawa da runduna kafin wa'adin sulhu ya cika, Amru bin Abasa ya tare shi yana kabbara yana kiran cika alkawari, sai Mu'awiya ya juya da mutanensa. Kafin takobi akwai neman a miƙa masu laifi, a gabatar da hujja a fili, a karɓi sasanci.

Yanzu ka auna Iraƙi. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa gwamnatin Saddam na da hulɗa da Alƙa'ida. Wani ɓangare na zancen ya fito ne daga bakin fursuna Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, kuma a 2004 ya janye maganarsa, ya ce azaba ta sa ya faɗa. A fiƙihu iƙirarin wanda aka tilasta ba a gina hukunci a kansa ko a shari'ar sata. Amurka da ƙawayenta sun fara yaƙin a Maris 2003, kwamitin da Amurka ta kafa don binciken harin 11 ga Satumba kuma ya ce a 2004 bai ga shaidar haɗin gwiwar kai hari tsakanin gwamnatin Saddam da Alƙa'ida ba. Wannan yaƙi bai cika sharaɗin farko ba ma.

Ko hujja ta tabbata, wajibi ne a duba abin da yaƙin zai haifar, domin ba a kawar da ɓarna da wadda ta fi ta. Ƙungiyar Zarƙawi, jagoran Alƙa'ida a Iraƙi, ta yi ƙarfi ne bayan mamayar, daga cikinta ISIS ta fito, ta kama Mosul a 2014. Mata da yara da manoma ba su ɗaukar laifin shugabansu, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Abokanka suna da gaskiya a abu guda: hukuma ba za ta naɗe hannu ta jira a kashe talakawanta ba. Tsare iyaka, kama masu laifi, toshe hanyar kuɗinsu da tunkuɗe harin da ya tabbata yana tafe duk wajibinta ne. Shelanta yaƙi kuma haƙƙin shugaba ne bayan shawara da masana, ba na ƙungiya ko ɗaiɗaikun mutane ba, kuma zaluncin da aka yi wa Iraƙi bai halatta wa kowa tada bam a kasuwa ko masallaci ko coci ba.

Wallahu a'alam.