Sayen gidan da banki ke riƙe da takardunsa

Malam, ka ce gidan da kake son saya a Kaduna mai shi ya jinginar da takardunsa a banki, bai gama biyan bashin ba, ko ciniki zai yiwu? Zai yiwu, amma kada ka danƙa masa kuɗin a hannu.

Ka fara da lauya, ya je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, ya duba fayil ɗin gidan: sunan wa ke kan C of O (takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa), kuma an yi wa jinginar rajista ko a'a. Sannan mai gidan ya karɓo wasiƙa daga bankin mai nuna ragowar bashin. Wannan kason bankin za ka biya kai tsaye, abin da ya saura shi ne na mai gidan. Banki na karɓar haƙƙinsa sai ya ba da takardar sakin jingina, ya fito da ainihin C of O ɗin. Ni dai da ni ne, ba zan cika masa sauran kuɗin ba sai na ga takardun nan biyu da idona.

Daga nan lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka zuwa sunanka. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamnan jiha, sannan a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Nan mutanenmu ke yin sake, su tsaya ga takardar mai unguwa da shaidu biyu, wadda banki ba ya ko kallonta.

Idan kai ma rance za ka nema, masu zubi a asusun NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, na samu a kan ruwa kashi 6 cikin 100. In kana gudun riba, ka tuntuɓi bankin Jaiz.