Shin direban motar kayan soja ya ga fagen daga?

Tambaya: Ina karatu a Melbourne, kuma mai gidan da nake haya ya nuna mini takardar sallamar mahaifinsa daga soja, wadda aka rubuta "Driver" da "AASC" da wata lamba mai farawa da VX. Shin mutumin direba ne kawai, ko kuwa ya shiga yaƙi sosai?

Amsa: Kalmar "Driver" a wannan takarda muƙami ne daidai da farabiti, kuma ta samo asali tun lokacin da dawaki da alfadarai ke jan amalanken soja. AASC kuwa ita ce rundunar da a wancan lokacin ke kai abinci da man fetur da harsasai ga mayaƙan Ostireliya. Harafin V yana nufin jihar Biktoriya, X kuma yana nuna cewa da kansa ya ba da sunansa domin yaƙi a ƙetare a Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka cikakken soja ne, amma abin da ya gani ya danganta da inda aka tura shi.

Idan Tobruk ta ƙasar Libiya ce, to ya sha wuya. Dakarun Janar Rommel na Jamus sun yi wa garin ƙawanya daga Afrilun 1941, kuma sai da dare jiragen ruwa ke shigo da kaya, direbobi su kwashe su daga tashar da jiragen saman Jamus ke yawan yi wa ruwan bamabamai. Da mayaƙan Janar Morshead, kwamandan Ostireliya da ke kare garin, suka yi ƙaranci, an ɗebi wasu daga wannan runduna aka sa su tsaron ramukan kariya kamar sauran sojojin ƙasa.

Wasu kuwa a cikin ƙasarsu suka yi aikin, wanda a ganina an fi raina shi ba bisa adalci ba. Bayan Japan ta kai wa birnin Darwin da ke arewacin Ostireliya hari ranar 19 ga Fabrairun 1942, bukatar kaya a arewa ta ƙaru ƙwarai, alhali babu layin dogo tsakanin Alice Springs da Larrimah, tazarar kusan kilomita 1,000. Ayarin manyan motoci ne ke cike wannan giɓi, cikin zafi da ƙurar da ke hana direba ganin motar da ke gabansa, da damina kuma laka ta riƙe tayoyi. A hanyar Kokoda ta Papuwa mota ba ta da amfani; 'yan ƙasar ne suka yi dakon kaya a duwatsu, jiragen sama kuma suna jefo buhuna a wani fili da ake kira Myola, da yawa suna fashewa.

Da wannan lamba, ɗansa zai iya neman fayil ɗin mahaifinsa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Canberra, inda zai ga sunan kamfaninsa (wato rukunin sojan da yake ciki) da ranakun tafiye-tafiyensa, sannan ya duba littafin ayyukan yau da kullum na kamfanin a Gidan Tunawa da Yaƙi na Ostireliya.