Ka haddace motsi 15, na 16 fa?

Ka ce Malam, na haddace buɗewar ces (wato motsin farko-farko na wasan dara na chess) har motsi 15 amma da abokin karawa ya kauce ko da motsi ɗaya sai kaina ya kulle. To ɗana, ai hadda ka yi, ba ka san dalilin motsin ba shi ya sa.

Ɗauko allo na gaske, ba waya ba, ka jera wasa na 6 na Fischer da Spassky a gasar zakaran ces na duniya, Reykjavik 1972, Fischer ne fari, Spassky baƙi. Fischer mutumin buɗewa da tura soja e4 ne kusan duk rayuwarsa, ranar nan sai ya buɗe da c4 (e4 da c4 sunayen gidajen allo ne), a hankali wasan ya rikiɗe ya koma Queen's Gambit, tsarin Tartakower da Spassky ya sani kamar yunwar cikinsa. Ka ga ko nan sunan buɗewa bai taimake ka ba, inda sojoji suka tsaya shi ne magana.

Sai ka rufe rubutaccen jerin motsin wasan da takarda, kana buɗe ɗaya ɗaya, kafin ka buɗe ka faɗi naka tukun. A motsi na 13 sarauniyar fari ta koma a3, me ya kai ta gefe? Saboda sojan c5 ne, ta danne shi, in ya ci d4 sarauniyar baƙi da ke e7 ta tafi. Bayan na 15 baƙi ya rage da sojoji biyu a c5 da d5 babu wani soja a gefensu da zai kare su, wallahi duk wasan a kan su ake yinsa. Nan nake so ka daɗe, ko awa guda ce. Sannan Fischer ya buga e4 a motsi na 20, Spassky ya tura d4, shi ke nan c4 ta zama fili, bishof ya zo ya zauna a kai yana kallon e6. A na 41 Spassky ya sallama, har ya taya 'yan kallo tafawa.

Kuma fa a6 ɗin da Spassky ya buga a na 14 ba shi ne mafi kyau ba, wani gwanin ces, Geller, ya kai sarauniya b7 a wurin a 1973 ya ci abokin karawarsa Timman.

Injin kwamfuta kuwa kar ka kunna sai ka rubuta naka tunanin a littafi. Ka kawo min littafin ranar Asabar in ga me ka rubuta a motsi na 20.