Amsa ga mai tambaya kan bakwit na daji da ke bushewa duk da ban-ruwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, barka da sabon gida, Allah Ya sanya albarka, Ya sa rai aka yi wa.

Na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce ka cire ciyawar ƙofar gidanka a wajen garin Riverside da ke kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, ka dasa bakwit na daji na Kalifoniya, ɗan gajeren tsiron nan mai yawan rassa da fure, a watan Yuni, ka zuba takin shanu a kowane rami, kana ba su ruwa kullum da yamma, amma ganye sai rawaya yake yi, biyu ma sun yi baƙi sun mutu. Kana tambaya ko ruwa za ka ƙara, ko takin ne bai isa ba, sannan ko ana cin 'ya'yansa.

Don Allah kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka je ka rufe famfon. Ruwan ne yake kashe su.

Na san hankali ba ya saurin ɗaukar wannan magana. Mu da muka tashi a inda ruwan sama da ɗumi suke zuwa tare, daga Yuni zuwa Satumba, jikinmu ya riga ya saba cewa tsiro in ya ga zafi ruwa yake nema. Kalifoniya a juye take. Ruwanta yana sauka ne cikin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, daga nan sai a yi wata shida ko fiye ba ko ɗigo. Los Anjelas gaba ɗaya abin da take samu a shekara bai wuce inci 15 ba, ku na Riverside ma ba ku kai haka ba. Wannan tsiro, wanda masana ke kira Eriogonum fasciculatum, a kan wannan tsari aka halicce shi. Da sanyi yake aikinsa na zura saiwa da fitar da sabon ganye, ya yi fure in rana ta fara zafi, sannan ya lafa ya jira ruwa. Ka ɗauki reshe ɗaya ka duba ganyen da kyau: ƙanana ne sirara, a cure wuri guda, gefensu a naɗe zuwa ciki, ƙasansu da ɗan gashi fari-fari. Duk dabara ce ta tattalin ruwa. A kan tuddan kudancin jihar nan har zuwa Baja Kalifoniya ta ƙasar Meziko haka yake zaune cikin tsakuwa, ba mai ba shi komai. Ka ɗauke shi kamar sabara a dajin gida: wa ya taɓa yi wa sabara ban-ruwa ko ya kai mata taki?

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasarka shi ne, ƙasa mai zafi in ta zauna a jiƙe, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da saiwa suna samun wurin yaɗuwa, musamman wadda ake kira Phytophthora. Cikin sanyi ba ta da ƙarfi sosai, amma zafi da laima in sun haɗu, nan da nan take cin saiwar. Saiwa in ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar mai ƙishirwa, mai shuka ya tausaya ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Nan ne yawancin mutane suke rasa shukarsu. In kana so ka tabbatar, tono ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu. Na sha tono irinsu a gidajen abokai da suka kira ni in duba musu. Saiwa mai lafiya fara-fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da tauri. Wadda ruwa ya kashe baƙa ce, laɓo-laɓo, in ka murza wuyan tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa sai ɓawon ya saɓule a yatsanka, kuma za ka ji ɗan wari irin na laka da ta kwana.

Waɗanda suka rage kuwa, kada ka yanke musu ruwa ɗungurungum, domin a Yuni aka dasa su, saiwarsu ba ta fita daga dunƙulen ƙasar tukunya ba tukuna. Ka bar ƙasar ta bushe. Ka riƙa zura yatsa ko tsinke kamar inci 3 zuwa 4 a gefen tsiron. In ka ji danshi, ka bar shi. In ta bushe, ka ba shi ruwa mai yawa a hankali, sau ɗaya, da asuba lokacin da ƙasa ta yi sanyi, ba da yamma ba bayan rana ta gasa ta. A zagaye za ka zuba, nesa kaɗan da gindin, kada ruwan ya kwanta a wuyansa. A zafin yankinku wannan zai iya kamawa sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, amma yatsanka ya fi kalanda gaskiya. Ka duba hasashen yanayi ma, in ana ranakun da zafi ya wuce digiri 100 na awon Amurka, ka ba su kafin zafin ya shigo ko bayan ya wuce. In akwai na'urar fesa ruwa da aka bari tun zamanin ciyawa, ka kashe layin da ke kaiwa wurinsu. Ka janye duk wani ɓawon itace da aka lulluɓe gindinsu da shi, ka bar tazarar tafin hannu. Kada ka tumɓuke su don ka sake musu wuri a wannan zafi. Wanda zai tashi zai tashi, wanda cutar ta riga ta kama wuyansa ba ya dawowa, sai haƙuri.

Taki kuma, ka bar shi kwata-kwata. Ba na shanu ba, ba na zamani ba. Taki yana sa shi ya yi saurin tsawo, rassa su yi laushi, ya kwanta, ƙwari su taru masa, kuma ya rage masa kwana. Takin da ka zuba a rami yana da wata illar: ya mayar da ramin ya zama mai riƙe ruwa fiye da ƙasar da ke kewaye, sai saiwa ta zauna cikin laima.

Waɗanda suka mutu, ka jira ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ka maye gurbinsu. Wannan ne lokacin dashe a jihar nan, kuma shi ya sa masu sayar da tsirran asali suke yin babbar kasuwarsu a lokacin. Ni na fi zuwa Gidauniyar Theodore Payne da ke Sun Valley a Los Anjelas, amma kai lambun California Botanic Garden da ke Claremont ya fi maka kusa, kuma can za ka ga manyansu a ƙasa ka san girman abin da kake saye. Rassan ƙungiyar California Native Plant Society, wadda aka kafa a 1965, su ma suna sayarwa a wannan lokaci. Shafinsu na intanet mai suna Calscape yana da amfani ƙwarai: ka sa adireshin unguwarku, ya fito maka da tsirran da asalinsu na nan wurin ne.

Kafin ka dasa, gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwan na biyu ya shanye cikin 'yan sa'o'i, ƙasarka ta yi. In ka wayi gari yana nan, yumɓu ne ya yi yawa, sai ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu kamar ƙafa ɗaya ka dasa a kai. Shi wannan nau'in yana jure yumɓu fiye da danginsa, muddin ruwa ba ya kwanciya. Ka sayi ƙarami na tukunyar galan ɗaya. Mutane suna son babba na galan biyar don ya cika ido tun ranar farko, alhali saiwarsa ta riga ta nannaɗe cikin tukunya, ƙaramin kuma yakan kamo shi cikin shekara ɗaya ko biyu ya wuce. Ramin ya fi tukunya faɗi amma kada ya fi ta zurfi. Wuyan tsiron ya ɗan ɗara saman ƙasa da kamar rabin inci. Ƙasar da ka haƙo ita za ka mayar, ba gauraye. Ka shayar da shi sosai ranar dashe. In za ka rufe ƙasa, tsakuwa ta fi ɓawon itace, in kuma ka samu dutse mai ɗan girma ka ajiye kusa da shi, saiwar tana son sanyin da ke ƙarƙashinsa. Wuri mai rana tun safe har yamma. Ka ba su tazarar ƙafa 4 zuwa 5, don kowane yana iya kai ƙafa 3 ko fiye a tsawo, ya fi haka a faɗi. Da farko filin zai yi maka kamar wayam, kada wannan ya sa ka cusa su.

Daminar farko, in ruwan sama ya yi jinkiri, kai ne za ka tsaya a madadinsa. Ruwan da ka ba shi a Janairu ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan wanda za ka ba shi a Agusta. Zafin farko ka taimaka masa jefi-jefi kamar yadda na faɗa. Daga shekara ta biyu ko ta uku nawa ba na ba su komai, sai dai in zafi ya yi tsanani in ɗan wanke musu ƙura da sassafe sau ɗaya a wata.

Akwai abin da nake so ka shirya masa tun yanzu, ka kuma shirya wa uwargida. Furen yana fitowa fari da ɗan ja-ja, dunƙule-dunƙule a kan dogayen tsinkaye. In ya tsufa sai ya koma launin tsatsa, ja mai duhu, ya zauna a haka har sanyi. Wanda bai sani ba zai ce shukar ta mutu, a kawo almakashi ko a ƙaro ruwa. Lafiyarsa ƙalau. Ni a wurina lokacin ma ya fi kyau, musamman da la'asar in rana ta karkata ta haske shi. Kuma cikin busasshen furen nan ne irin yake, wanda ƙananan tsuntsaye suke ci. Ka bar shi har Nuwamba ko Disamba, sannan ka aske busassun kawunan da ɗan abin da ke ƙasansu. Kada ka datse har cikin tsohon itace inda ba ganye, ba kullum yake tohowa daga nan ba. Sai dai batun gobara: busassun rassansa suna kama wuta, yankinku kuma kun san iskar Santa Ana, busasshiyar iskar nan mai ƙarfi da ke rura wutar daji. Kada ka dasa shi manne da bango ko ƙarƙashin taga, ka riƙa cire matattun rassa daga cikinsa kowace shekara.

Ƙwari ba su cika damunsa ba. Abin lura ɗaya shi ne ƙananan tururuwan nan 'yan asalin Ajantina da suka cika gidajen kudancin Kalifoniya. In ka ga layinsu yana hawa gindin, suna kiwon ƙwari masu tsotsar ruwan tsiro ne, wani lokaci har a saiwa. Ka sa musu abincin guba irin na cikin ɗan akwati, kada ka yi feshi a kan furen. Su ma laima suke bi, in ka rage ruwa za su ragu.

Dalilin hana feshin shi ne abin da ya sa nake ƙaunar wannan tsiro. Ka tsaya kusa da shi da hantsi a watan Yuli, lokacin da kusan komai a daji ya bushe. Za ka ji shi yana amo kafin ka ƙaraso. Ƙudan zuma, wasu ƙananan ƙudaje masu sheƙin kore, zanzaro iri-iri, da malam-buɗe-littafi 'yan mitsi-mitsi masu shuɗin fiffike da ba su wuce farcen babban yatsa ba, duk a kan dunƙule ɗaya. Masu kiwon zuma a kudancin jihar nan sun daɗe suna dogaro da shi. Danginsa sun kai kusan nau'i 250, duk a Arewacin Amurka, kuma fiye da ɗari suna Kalifoniya. Wasu ƙwarin rayuwarsu kacokan a kan nau'i ɗaya take. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai suna El Segundo blue da aka sa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 1976. Ba ya rayuwa sai a kan bakwit na bakin teku, Eriogonum parvifolium, kuma babban wurin da ya rage masa shi ne tuddan yashin da ke ƙarshen filin jirgin saman Los Anjelas. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau mutum ya dasa na yankinsa. Za ka ga masu ɗaukar ido a kasuwa, kamar mai jan fure na tsibiran Channel da ke cikin teku daura da kudancin jihar nan, da ƙaton nan na tsibirin Santa Catalina, Eriogonum giganteum. Suna da kyau, amma da iskar bakin teku suka saba. Mai jan furen a zafin Riverside sai ka nema masa inuwar yamma. Wanda ka saya shi ne daidai da wurinka. In kana son mai shimfiɗa a ƙasa don gefen hanya, nemi wanda ake kira Warriner Lytle.

Batun ci: bakwit da ake sayar da garinsa a kanti wani tsiro ne daban, Fagopyrum esculentum, asalinsa daga Sin, dangi ɗaya suke kawai. Naka ba ya ba da hatsin da za a tara. Mutanen asali na yankin, irin su Cahuilla, sun yi amfani da shi wajen maganin ciwon kai da na ciki, amma wannan ilimi ne mai ƙa'idojinsa, ban ba ka shawarar ka dafa ka sha ba.

In suka kama, ba za ka sake sayen wani ba. Ka murje busasshen fure a tafin hannu, ka watsa a kan ƙasa gab da ruwan farko, ka ɗan danna da ƙafa ba tare da ka binne ba, za su tsiro da kansu. Daga naka za ka ɗiba ko ka saya. Cire tsiro ko iri a gandun gwamnati ba tare da izini ba laifi ne. Nawa suna zubar da 'ya'ya a cikin tsakuwa kowace damina, in Allah Ya kai mu Disamba ka yi min magana in ciro maka ƙanana. Yanzu dai ka turo mana hoton wuyan waɗanda suka rage, daga kusa, bayan ka janye abin da ke rufe da gindin, in duba in gaya maka waɗanda nake ganin za su tashi.