Kyamarar hanya ta ci ni tara, alhali ba ni ke tuƙi ba

Tambaya: Na ba ƙanena aron mota. Bayan kwanaki sai ga takardar tara da sunana, wai kyamara ta kama motar tana gudun wuce sa'a. Dole ne in biya?

Amsa: Malam, kyamara lambar mota take karantawa, sai kwamfuta ta zaƙulo sunan wanda aka yi wa motar rajista. Shi ya sa takardar ta zo maka. Wanda laifin zai hau kansa kuwa, dokar ƙasar da abin ya faru ce ke yankewa, kuma ƙasashe sun sha bamban.

A Holan, ƙananan laifukan gudu mai mota ake bi, ko wane ne a sitiyari. A Jamus direban ake nema, shi ya sa kyamarorinsu ke ɗaukar fuska. In an kasa gano shi, ana iya tilasta wa mai mota ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya tuƙa ta a littafi. Birtaniya ta bi wata hanyar: sashe na 172 na dokar zirga-zirga ta 1988 ya wajabta wa mai mota ya faɗi wanda ke tuƙi cikin kwana 28. Wanda ya ƙi, maki shida na hukunci za a ɗora wa lasisinsa (makin da in ya taru ake hana mutum tuƙi), alhali mafi ƙarancin hukuncin gudun maki uku ne. Wasu direbobi biyu sun kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, suna cewa an tauye musu 'yancin yin shiru, amma a 2007 kotun ta ce sam.

To, kafin ka taɓa aljihu, karanta takardar da kyau: wace doka ta ambata, kuma yaushe wa'adin ƙorafi zai cika? Ka nemi hoton a rubuce. Na'ura kan rikita 8 da B in farantin lambar motar ya yi datti, kuma akwai ɓata-gari masu kwaikwayon lambar wani, don haka duba launi da samfurin motar, da rana da sa'a. Kana iya neman shaidar lokacin da aka gwada ingancin na'urar. A wurare da yawa biyan tara tamkar amsa laifi ne, ƙofar ƙorafi ta rufe ke nan.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne zumunci. Kada ka ce kai ne don ka rufa wa ƙanenka asiri. A 2013 an ɗaure Chris Huhne, tsohon ministan makamashi na Birtaniya, da tsohuwar matarsa wata takwas kowannensu, saboda ta karɓi makinsa na gudun da ya yi tun 2003.

In dokarku mai mota take bi, biya cikin wa'adi, sannan ka karɓi kuɗinka wurin ƙanenka. In direba take nema, ka rubuta sunansa a fom ɗin, ka ajiye kwafi da shaidar aikawa.