Amsar Gwaggo a Kan Kunyar Ɗan Fari

Ɗiyata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan ke da maigidanki da baƙon da Allah ya ba ku kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonki ya iso ni ranar Laraba da yamma, bayan mun taso daga taron Zumuntar Mata. Jikata ce ta karanta mini shi har sau biyu, ita ce kuma take rubuta wannan amsa, domin idanuna sun daina ganin ƙananan rubutun waya. A karatu na farko na yi murmushi, a na biyu kuwa sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Kin ce surukarki ta zo Birnin Kebbi ganin jariri, ta tarar kina kiran sunansa da ƙarfi, kina yi masa rawa a gaban baƙi, sai ta ja ki gefe ta ce ɗan fari ne, ki riƙa jin kunya. Shi ne kike tambayata ko wannan kunya tana cikin Littafi Mai Tsarki, ko kuwa sauran Maguzanci ne da ya kamata mai bi ya yar.

Abin da ya sa ni murmushi shi ne, a zamaninmu ba macen da za ta iya buɗe baki ta yi wannan tambaya. Abin da ya dame ni kuwa shi ne, ke 'yar gidanmu kin kai har ga haihuwa ba wanda ya zaunar da ke ya faɗa miki, kuma ba ki taɓa lura cewa mahaifiyarki ba ta kiran sunan babban yayanku ba. Ban ga laifinki ba sosai. Tun da rashin zaman lafiya ya tashe mu daga ƙauye, wasu suka yi Gusau, wasu Funtuwa, wasu Zariya, ba sauran tsakar gidan da yarinya za ta koyi abu da ido ba tare da an faɗa mata ba.

An kai ni gidan miji a ƙauyenmu na ƙasar Tsafe ina yarinya ƙarama, lokacin ana cikin yaƙin basasa. Da ciki ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, na kuwa sauka ranar wata Lahadi a 1970, shekarar da yaƙin ya ƙare. Ranar suna mai bishara ya zo da sassafe, ya karanta daga tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda ita ce a hannunmu a lokacin, ya yi addu'a, ya faɗi sunan da uban yaro ya zaɓa. Ni ina can ƙuryar ɗaki na lulluɓe kai. Mutanen gida suka riƙa ce masa Ɗanladi, ni kuwa ko wannan ban iya faɗa ba, sai dai in ce yaron nan. Idan yana kuka ba na tashi sai an ce mini in tashi, idan zan ba shi nono sai na juya wa mutane baya, ba na yi masa wasa sai in na tabbata ba kowa. Kwana arba'in na yi ina wankan jego da shan kunun kanwa, ban taɓa bari mahaifina ya gan ni riƙe da shi ba.

Na taɓa tambayar kakata dalili, ina ɓoye fuska. Ta ce, "Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi." Ta ce uwar da ta rungume ɗanta a gaban jama'a ta riga ta shaida musu cewa ba ta bukatar hannun kowa, su kuwa za su janye hannu su bar mata. Amma wadda ta kau da kai, kowa a gidan zai ce bari in ɗauka, bari in ba shi, bari in tsawata masa, sai yaro ya tashi da iyaye goma. Ta ƙara da cewa a kowane babban gida akwai macen da Allah bai ba haihuwa ba, akwai wadda ta binne nata, saboda haka mai sabon ɗa ba ta da ikon yin rawa da shi a gabansu. Ba zan ɓoye miki ba, akwai kuma tsoro a ciki. Tsofaffinmu da suka tashi cikin Maguzanci suna tsoron kambun baka da iskoki, suna ganin abin da aka cika ambato ba ya daɗewa. Wannan tsoro kam Almasihu ya raba mu da shi, kuma ba na so ya shiga ɗakinki. Amma ki dubi maƙwabtanmu Musulmi, su ma haka suke yi, Fulani ma har sun fi mu tsanantawa, sai ki gane cewa abin ba na wani addini ɗaya ba ne, tarbiyyar ƙasar ce.

Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin surukata, can ya zauna. Ita yake kira Inna, ni kuwa yana kirana yadda ƙannen ubansa suke kirana. Ɗakinta yana kallon nawa, tsakaninmu rumbu biyu ne da turmi, amma kamar akwai kogi. Ina kaɗi a lokacin, ina sayar da zare, duk abin da na tara kuma sai in aika a yanko yadi a kasuwar Tsafe a ɗinka masa 'yar riga ta Kirsimeti. Da dare nake kai wa surukata rigar, da safe ita take sa masa, ya fito yana nuna wa kowa abin da Innarsa ta saya masa. Daga baya, da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, na isa Littafin Sama'ila na Fari sura 2, inda Hannatu take ɗinka wa Sama'ila 'yar riga kowace shekara ta kai masa Shilo, sai na rufe littafin na daɗe ban ce komai ba.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kyau. Daminar 1973 ba ta yi ba, ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba, a shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo. Kafin bazarar 1974 rumbunan nan biyu sun zama fanko, mazan gida duk sun tafi cin rani, har da maigidana da ya tafi Gusau neman aikin dako. A kan wannan yunwa baƙon dauro ya shigo gari. Yara ba ƙarfi a jikinsu, ya riƙa bi gida gida, a mako guda aka fita da yara uku daga unguwarmu. Sai ya kama yaron nan. Zazzaɓi ya fara, idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka rufe jiki, sannan tari ya sauka a ƙirji. Surukata ta shigar da shi ƙuryar ɗakinta ta sa asabari. Ni nawa shi ne in dama kunu in miƙa daga bakin ƙofa, in karɓi ƙwarya in koma. Ba wanda ya hana ni shiga da baki, amma ƙafata ba ta iya tsallake dokin ƙofar. Da dare, idan gida ya yi tsit, sai in lallaɓa bayan ɗakin in jingina da bango ina sauraron numfashinsa, ina ƙirgawa, har zakara ya yi cara.

A dare na shida numfashin ya canja, ya koma kamar ana jan zarto. Surukata ta aika a kira matar mai bishara, ta zo da mata biyu na Zumunta da fitilar ƙwai. Da za su shiga, sai tsohuwar ta leƙo ta ce, "Ke da ke bayan ɗaki, zagayo." Ashe duk daren nan shida ta san ina wurin. Na shiga na durƙusa can nesa kusa da randa. Matan suka yi waƙa a hankali, kowace ta yi addu'a, sannan matar mai bishara ta ce uwar yaro ta rufe mana. Na buɗe baki na ce, "Ya Ubangiji, ga yaron nan," sai na tsaya. Na sake cewa, "Yaron nan da ke kwance," na sake tsayawa.

Surukata ba ta iya karatu ba, da furfurarta aka yi mata baftisma, kuma ban taɓa ganin macen da ta kai ta riƙon al'ada ba. Ita ce ta miƙo hannu ta dafa gwiwata ta ce, "Faɗi sunansa, yarinya. Allah ba surukinki ba ne."

Na faɗa. Sunan ya fito da ƙyar kamar ƙaya, domin shekara huɗu yana cikin bakina bai taɓa fita ba. Na sake faɗa, na yi ta faɗa, ban san abin da na roƙa bayan wannan ba, ban kuma san lokacin da ta ɗauke shi daga tabarma ta ɗora mini a cinya ba. Jikinsa kamar garwashi. Haka muka kwana, ita tana jingine da bango, ni ina riƙe da shi, matan suna ta waƙa har man fitila ya ƙare. Bai warke a daren ba, sai da ya ƙara mako biyu a kwance, ya tashi kamar kara, amma ya tashi. Wasu iyayen da suka fi ni addu'a ba su sami nasu ba, shi ya sa ba na cewa kiran sunan ne ya tashe shi. Tun da zancen ya zo, idan naki ya cika wata tara ki kai shi a yi masa allurar rigakafin wannan ciwo, kada ki saurari masu hanawa.

Abin da ke cina har yau shi ne abin da na yi bayan haka. Da ya warke na mayar da shi ɗakin kakarsa, na koma cewa yaron nan, kamar ba a yi komai ba, ina ganin haka ne daidai. Ya yi firamare, ya tafi makarantar kwana, ya yi aure, duk ban sake kiransa ba. Sai a 1996, shekarar da aka yanke mana Jihar Zamfara daga Sakkwato, bayan mun binne surukata, ya same ni ni kaɗai ya zauna a bakin ƙofa ya ce, yana yaro ya ɗauka ƙannensa na fi so, har yakan tambayi kansa laifin da ya yi mini. Ya ce abu ɗaya ne ya hana shi yarda da haka, wato muryar da ya ji cikin zazzaɓi tana kiransa, wadda ya daɗe bai san ko mafarki ba ce. A ranar na faɗa masa wadda take sayen rigunan Kirsimeti. Magidanci da 'ya'yansa ya sunkuyar da kai yana hawaye. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ma na ɓoye masa, ina zai tambaya?

Kin nemi aya. Ban ga inda aka hana uwa kiran ɗanta na fari ba. Luka ya ce Yesu ɗan farin Maryamu ne, kuma da ta same shi a Haikali yana da shekara 12, a gaban malamai ta ce masa ɗana. A Ishaya sura 43 Ubangiji da kansa ya ce ya kira mu da sunanmu, mu nasa ne. Amma a cikin wannan Littafi ne kuma aka ce ɗan fari na Ubangiji ne, aka ce Maryamu tana ajiye al'amura a zuciyarta tana tunani a kansu, ba ta bi gari tana shela ba. Kakata da ba ta san Luka ba takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A nan ne nake da 'yar magana da ku 'yan yanzu. Jariri bai yi kwana bakwai ba an baza hotonsa a Facebook, an rubuta masa kirari, duniya duk ta gani kafin kakarsa ta ɗauke shi, ba a tuna da ƙawar da ta yi shekara goma tana jiran haihuwa, wadda ita ma za ta buɗe waya ta gani. Idan kuma wani babba ya tsawata wa yaro, sai uwa ta ɓata rai ta ce a bar mata ɗanta. To an bar muku, ga shi kuna ta kukan ba mai taimako. Surukarki ba ƙinki take yi ba, gurbi take nema a wurin jikanta, kuma da irin harshen da aka koya mata ta nema. Idan tana nan ki sassauta murya, ki miƙa mata shi, ki bari ita ta yi masa rawar, ba abin da zai ragu a jikinki.

Sai dai ni ma na san gidanki ba irin namu ba ne. Ke da maigidanki ne kawai a ɗaki biyu na haya, ba kaka a tsallaken tsakar gida, ba ƙannen uba, ba matan sauri, idan ke ba ki kira shi ba ban san wanda zai kira shi ba. Wannan ya sa na kasa ce miki ki yi yadda na yi, na kuma kasa ce miki ki yar da abin gaba ɗaya.

Ni dai har yau bakina bai saba ba. Yarinyar da take rubuta wannan takarda 'yarsa ce, ta tambaye ni ko ta sa sunan babanta, na ce ta bari. Amma tun daren nan na 1974 ba asubar da ba na faɗarsa a gaban Ubangiji, ƙofa a rufe. Ya ce zai zo Gusau da iyalinsa a Kirsimetin bana, ɗakin da zai kwana kuwa yana jikin nawa, ina ta tunanin ko in bar ƙofar a buɗe.

Ki gaishe mini da surukarki da kyau, ki ce ina yi mata barka. Idan kun yi arba'in kun miƙa yaron a majami'a, ki kawo mini angon nawa in gan shi.

Gwaggonki